Ranar da Malam Ɗayyabu Ya Taka Shida

Wata Asabar ce, tsakanin azahar da la'asar, ɗan lido ya fita daga hannun Malam Na'Allah, ya gangara kan tabarma, ya je ya tsaya dab da ƙafar Malam Ɗayyabu. Malam Ɗayyabu ya saci kallon ƙasa, ya ga abin da ya fito, sai ya ɗaga ƙafarsa a hankali kamar mai sosa sauro, ya ɗora a kai. Dattijo ne ɗan shekara sittin da huɗu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zane yara a kan satar amsa. Tun daga ranar, duk unguwarsu a Kazaure ba a kiransa sai Malam Taka-Shida.

Tsohon malamin firamare ne, doguwa ce fuskarsa, rubutunsa kuwa kamar na ɗab'i. Da ya yi ritaya bai sayi awaki ba, bai buɗe shago ba. Wasa ya buɗe. Ya koye shi ne daga wani malamin Turanci da aka taɓa kawo musu daga Kudu, ya ajiye a ransa shekara da shekaru, sannan ya gyara shi yadda zai shiga bakin Bahaushe. A gindin darbejiyar ƙofar gidansa ake yi. Yakan zana taswira a bayan tsohuwar kalanda, ɗaki-ɗaki, lungu-lungu. Kowane ɗan wasa ya zaɓi wanda zai zama a cikin labari. Malam Ɗayyabu shi ne mai ba da labarin, shi ke faɗin abin da ke bayan kowace ƙofa. Kai kuma ka faɗi abin da za ka yi, ka jefa ɗan lido, wannan ƙwaya mai fuska shida. In lamba babba ta fito ka tsira, in ƙarama ce sai dai Allah ya kyauta.

Labarin na wata makarantar hatsabibai ce a ƙarƙashin dutse, wadda a da ake koyar da maganin maciji da jin maganar tsuntsaye, har aka kawo sabon hedimasta ya lalata ta. Tun zuwansa allo ke cinye alli har da yatsun mai rubutu. Ruwan randa ya koma tawada. Idan ƙararrawa ta kaɗa, duk wanda ke tsaye a fili sai ya ƙara shekara guda. Rajista kuwa da kanta take kiran suna, wanda ya amsa ya zama benci. Da Liman ya ji ana ambaton tsafi a gindin darbejiya sai ya aiko a tambaya. Malam Ɗayyabu ya je da kansa ya yi bayani cewa ba caca ba ce, kuma manufar wasan a shiga a rufe makarantar. Liman ya ce in dai rufewa za a yi, Allah ya ba da sa'a.

'Yan wasansa na farko biyu ne. Lauwali tela, wanda ya zaɓi ya zama maharbi, alamarsa a kan taswira maɓallin riga. Sai Sama'ilu, tsohon malamin gona, wanda ya zama gardi mai wasa da kura, alamarsa murfin kwalba. Ba su taɓa ganin mugun hedimastan ba, amma Malam Ɗayyabu yakan ba su alamunsa. Duk lungun da ya bi yana bar masa warin man zafi. Ana jin ƙarar tarin makullai daga nesa. Yana gyaran murya sau uku kafin ya yi magana. Kuma a jikin kowace ƙofa an rubuta da jan biro: "A rubuce nake so."

Abin da Lauwali da Sama'ilu ba su sani ba, wannan dodon yana da rai, yana da fansho. Malam Na'Allah ne. Tare suka yi kwalejin horar da malamai da Malam Ɗayyabu, ɗakin kwanansu ɗaya. Ɗayyabu ya zo na ɗaya, Na'Allah ya zo na bakwai, kuma Ɗayyabu bai taɓa mantawa da lambar ba. Amma da kujerar hedimasta ta faɗi a wata firamare wajen Roni, na bakwai aka ba, na ɗaya aka yi masa mataimaki. Shekara goma sha huɗu Malam Ɗayyabu yana tsara jadawali, yana kaɗa ƙararrawa, yana cika rajista, idan baƙi suka zo daga ofishin ilimi sai su gaisa da Na'Allah su ce makaranta ta yi kyau. Bai taɓa yi masa rashin kunya ba. Ya dai haɗiye, ya haɗiye, har Allah ya ba shi bayan kalanda.

Ana cikin haka Malam Na'Allah ya yi ritaya, ya dawo Kazaure, ya sauka layi biyu da gidan Malam Ɗayyabu. Asabar ta farko sai ga shi da sallama, makullai na ƙara a aljihu.

"Ɗayyabu, ashe nan ake shagali ba gayyata?"

"Wasan yara ne, Hedimasta. Ba zai dace da kai ba."

"To ni yanzu wane aiki gare ni da ya wuce na yara? Ku matsa mini."

Lauwali ya matsa. Aka tambaye shi wanda zai zama. Malam Ɗayyabu ya yi tsammanin zai ce sarkin yaƙi, har ya tanadi ramin da zai jefa shi. Na'Allah ya ce shi mai shara ne, makaminsa tsintsiya. Ya tsinci ƙwallon dabino a ƙasa ya ɗora a taswira.

Daga nan ciwon ya soma. Malam Ɗayyabu ya yi kwana uku yana shirya wani aljanin maigadi mai kai biyu. Maharbi ya ɗana baka, gardi ya saki kura, sai mai shara ya ce a dakata, shi zai gaishe shi. Ya tambayi aljani ya gida, ya iyali, ya tsayuwa, kuma wane kan ne ke barci in ɗaya na gadi. Ya jefa ɗan lido, biyar ta fito. Dole Malam Ɗayyabu, da bakinsa, ya ce aljani ya yi hawaye ya buɗe ƙofa. Sama'ilu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. A ɗakin rajista, da rajistar ta kira sunan mai shara, Na'Allah ya ce, "Ku ce mata ya ɗauki hutun rashin lafiya." Ba a yi wata guda ba Lauwali ya fara cewa, "Bari mu ji me Hedimasta zai ce," kafin ya motsa maɓallinsa.

Wannan kalma ita ta fi ci wa Malam Ɗayyabu rai. Duniyar nan shi ya zana ta da hannunsa, shi ya haƙa kowane rami, shi ya raɗa wa kowane aljani suna, amma a cikinta ma an sake naɗa Na'Allah shugaba. Masu wucewa suka fara tsayawa kallo, mai keke-napep ya kashe inji ya leƙo, kuma in an tashi sai ka ji ana cewa, "Kai, wasan Malam Na'Allah akwai daɗi."

Ga kuma wata damuwar. Duk ɗakin da suka ci, suna ƙara kusantar ofishin hedimasta. Ranar da ƙofar nan ta buɗe, dole Malam Ɗayyabu ya kwatanta wanda ke ciki, a gaban wanda ya kwaikwaya, a gaban jama'a. Kowa zai san abin da ya ɓoye shekara goma sha huɗu. Ya daina ambaton man zafi da makullai, amma Sama'ilu mutum ne mai riƙe abu.

Sai ya shiga ƙara ɗakuna. Aka ci ɗakin gwaje-gwaje, sai ga sito. Aka ci sito, sai ga wani siton a bayansa. Ya ƙirƙiro filin wasa mai haɗiye takalmi, ya ƙirƙiro ban-ɗaki bakwai a jere. Kalandun gida suka ƙare, ya cire ta bana daga bango.

"Malam," in ji matarsa Shatu, "yau nawa ga wata?"

"Ki tambayi maƙwabta."

"Na tambaya. Sun ce ka karɓi tasu ita ma. Wai makarantar nan ba ta da ƙarshe ne? Ko Kazaure ba ta kai ta girma ba."

"Ba za ki gane ba, Shatu."

"Na gane sarai. Ni na wanke rigar da ka saka ranar da aka ba Na'Allah kujerar."

Lauwali ne ya fara gajiya. Ya ce, "Malam, na bar ɗinkin mutane, mako shida muna yawo a ban-ɗaki. In Asabar mai zuwa ba mu ga ofishin nan ba, ni dara zan koma." Sama'ilu ya ce shi ma.

Asabar ta zo. Malam Ɗayyabu ya shimfiɗa kalanda ta ƙarshe, ya nuna ƙofa mai jan rubutu. Ya ce ƙofar nan ba ta buɗuwa sai da shida, kuma jifa ɗaya kowa zai yi, in an rasa sai baɗi. Lauwali ya jefa, biyu. Sama'ilu ya jefa, huɗu. Malam Ɗayyabu ya ji iska ta fara shigarsa. Na'Allah ya karɓa, ya girgiza, ya saki. Abin da ya biyo baya an riga an faɗa.

"Ina ya shiga?" in ji Lauwali.

"Ya ɓata," in ji Malam Ɗayyabu. "Ku duba wajen kwata."

Aka ɗaga tabarma ta gefe uku, gefe na huɗu mai shi ya ce ƙafarsa ta yi sanyi ba ta motsi. Aka zazzage takalma. Sama'ilu ya rarrafa har gindin bishiya. Malam Ɗayyabu yana zaune yana ba da umarni kamar ranar tsaftar makaranta: a duba can, a leƙa nan. Na'Allah kaɗai bai tashi ba, yana ta shafa man zafi a gwiwa.

Sai ladan ya kira la'asar. Kowa ya miƙe ya ɗauki buta. Malam Ɗayyabu ya yi ta gyaran hula, ya ga ba makawa, ya miƙe. Zufa ta manne ɗan lido a tafin ƙafarsa. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu yana ɗingishi, a na uku abin ya faɗo ƙwas a kan dakali. Lauwali tela ne, idonsa ya saba da ƙananan abubuwa.

"Malam, ɗaga ƙafar mu gani."

"Alwala zan yi."

"Ai wanke ta za ka yi, ɗagawa dole ce."

Ga shi nan a tsakiyar tafin, tambari mai kusurwa huɗu, ɗigo uku nan, uku can. Sama'ilu ya ƙirga da yatsa, da ƙarfi, yadda na bayan layi zai ji.

Bayan salla aka dawo, jama'a sun ninka. Malam Ɗayyabu ya zauna, ya ce ƙofa ta buɗe, a ciki akwai wani mutum, haka dai, mutum kamar kowa.

"A'a," in ji Sama'ilu. "Ina warin man zafi? Ina makullai? Ka ce yana gyaran murya sau uku."

Nan take Na'Allah ya gyara murya. Sau uku. Ya zaro tarin makullansa ya ajiye a kan taswira.

"Tun ɗaki na biyu na gane shi," in ji Na'Allah. "Ɗayyabu, yi muryar. Ba wanda ya iya ta kamarka, ina jin ka ta taga tun muna Roni."

Malam Ɗayyabu ya ga abin da ake gudu ya riga ya faru. Sai ya tura ciki gaba, ya sauke tabarau kan hanci, ya ce, "Wane ne wannan? Me kuke so? A rubuce nake so!" Dariya ta ɓarke, Na'Allah ya fi kowa, har yana dukan tabarma.

Da aka lafa aka tambayi mai shara abin da zai yi. Maharbi ya ce a harbe, gardi ya ce a saki kura. Na'Allah ya ce a'a, tambaya zai yi.

"Ranka ya daɗe, na share makarantar nan lungu-lungu. Komai ya lalace, amma ƙararrawa ba ta taɓa makara ba, rajista ba ta tsallake suna ko ɗaya ba. Wannan ba aikinka ba ne, na san ka. Ina mataimakinka? Shi muka zo gaisarwa."

Malam Ɗayyabu ya dubi taswira. Duk ɗakunan da ya zana, bai zana wa mataimaki ko lungu ba. Ya sunkuya yana gyara kusurwar kalanda da ba ta lanƙwashe ba. Can ya ce a tashi, mako mai zuwa za a ga mataimakin.

A cikin gida ya gaya wa Shatu yadda aka yi. Ta ce, "To alhamdu lillahi, ka ji abin da kake son ji."

"Na ji. Amma kin lura? Maganar da ta fi kowace daɗi a wasan, ita ma shi ya faɗe ta."

Har yanzu ana wasan duk Asabar. An rufe waccan makarantar, an buɗe wata a ƙarƙashin ruwa, kuma Lauwali ya kafa doka cewa mai ba da labari zai zauna ya tanƙwashe ƙafa. Ranar wani ɗaurin aure, ana cikin jama'a, Sama'ilu ya hango shi ya ɗaga murya, "Malam Taka-Shida, yaya ƙafar? Tambarin ya goge?"

Malam Ɗayyabu ya gyara tabarau, ya nuna Na'Allah da ke gefensa yana cin goro.

"Mutumin nan ya zauna a kan kujerata shekara goma sha huɗu, ba wanda ya ce masa ɗaga mu gani. Ni na tsaya a kan shidarsa minti goma, gari ya ɗauka."