Alwalar da Ba Ta Warware Ba

A wancan lokaci na yi imani cewa duk wanda ya saka kansa cikin halin nan da likitoci ke kira hifnosis, hankalinsa barin jikinsa yake yi, kamar mai barci ko wanda ya suma, kuma kafin ya dawo wani abu na iya shiga ya zauna a gurbinsa. Ban karanta wannan a wani littafi ba. Na tsince shi ne a talabijin ɗin ɗakin hutun ɗalibai a jami'a, inda wani mai wasa yake sa manyan mutane kukan akuya, na haɗa da labaran 'yan rufa-ido na tasha. Ina koyarwa a wata sakandare a Ƙaraye, ni ne babban ɗan limamin wani ƙauye a wajen Fulatan ta ƙasar Rogo, kuma ina da i'ina tun ƙuruciya.

A aji i'inar ba ta cika damuna ba, domin idan kalma ta ƙi fita sai in sauya ta da wata. Fatiha kuwa ba a sauya mata kalma. Da gwiwoyin Baba suka gaza, ya umarce ni in riƙa shiga gaba a sallolin da nake gida. Magaribar farko harshena ya sarƙe a tsakiyar sura, na tsaya ina jin numfashin mutane a bayana har wani ya jawo mini ayar. Da aka idar, wani baffana ya ce daga yau duk mai bin malamin boko salla ya fara cin tuwonsa tukuna. An yi dariya, ni ma na yi. Baba bai yi ba.

Wani abokin karatuna da ke aiki a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibiti a Kano shi ya koya mini dabarar hifnosis ɗin. Mutum zai zauna, ya kafa ido a wuri guda, ya sassauta numfashi, ya saki gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya riƙa faɗa wa kansa a zuci cewa harshensa a sake yake, yana hango kansa yana karatu lami lafiya. Ya nanata mini cewa ba barci ba ne, ba mai juya ni, kuma duk sanda na so zan buɗe ido. Na gyaɗa kai, amma a raina na ɗauka irin lallashin nan ne na mai allura da ke cewa ba zafi. Duk da haka na gwada, saboda kunya ta fi tsoro ƙarfi a lokacin. Nakan yi alwala, in zauna a zaure ni kaɗai in yi abin, sannan in wuce masallaci. I'inar ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma ta daina kama ni a salla. Wata ranar sallar layya Baba ya ba ni rawaninsa, ya ce ya yi masa nauyi.

Abin ya rushe ne a wata kaka, a zaman karatun da Baba ke yi bayan La'asar. Wani manomi da ya wuni yana cirar gyaɗa ya tambaya ko gyangyaɗin da ya yi yana jiran salla ya ɓata masa alwala. Baba ya lissafa masa abubuwan da ke warware ta, har ya zo kan gushewar hankali, ko ta barci mai nauyi, ko suma, ko maye, ko hauka. Na san wannan tun ina yaro, amma ban taɓa haɗa shi da zamana na zaure ba sai ranar. Idan hankalina gushewa yake yi, ashe shekarun nan ba alwala nake jan mutane salla. Na dubi waɗanda ke zaune, na tuna waɗanda suka bi ni sahu kuma yanzu suna kabari, har da waɗanda ni na sallaci gawarsu.

Mai hankali zai ce me ya hana ni tambaya, ga malami a gidanmu. Na ji tsoron Baba ya ɗauka wurin boka na je aka gyara mini harshe. Na kuma ji nauyin a ce mai digiri bai san abin da yake yi da kansa ba. Na gwada jinkirta alwalar sai bayan na gama, amma abin ya daina aiki, domin natsuwa ba ta zama inda tsoro yake. Ina rufe ido sai in fara gadin hankalina kada ya fita. Daga nan wani waswasin ya shigo, wanda ya fi na farko muni: idan ni ba na nan, to muryar wa ke karatun nan mai santsi? Na watsar da dabarar, i'inar ta dawo fiye da da. Na fara fakewa da aiki, na kama ɗaki a Ƙaraye, ina zuwa gida jefi-jefi, kuma ina auna isowata ta zama bayan an tayar da salla. Maiɗakina ta ce mini ta lura na rame, ta tambaya ko aure zan ƙara ne nake jin nauyin faɗa. Baba ya kira ni ɗakinsa, ya ce bai taɓa neman komai a wurina ba sai tsayuwar nan, ya tambaye ni ko wani ne ya ɓata mini rai. Na ce aiki ne ya yi yawa. Ya ce Allah ya yi albarka. Aka ba wani ɗalibinsa limancin. Kafin damina ta faɗi Baba ya rasu.

A zaman makoki wani tsohon malami daga Beli, aminin Baba tun suna neman ilimi, ya ja ni gefe. Ya ce marigayi ya kai masa kuka a kaina, kuma shi ba zai karɓi zancen aiki ba. Na faɗa masa komai. Bai yi mamaki ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce shi bai san abin likitoci ba, kuma ba ya hukunci a kan abin da bai gani ba, don haka in yi a gabansa. Ya miƙo mini carbinsa ya ce in riƙe. Wataƙila don na sauke abin da ke raina, ranar natsuwar ta zo. Da na buɗe ido ya tambaye ni me na ji. Na ce na ji injin niƙa, na ji mata suna gaisawa a cikin gida, na ji ya yi tari ya matsar da butarsa. Ya nuna carbin da ke hannuna. Ya ce barcin da ke warware alwala shi ne wanda carbi zai suɓuce maka ba ka sani ba, a yi magana a kusa da kai ba ka ji ba. Ya ce abin da ya gani hankali ne da aka tattara wuri guda, kuma in wannan ne gushewar hankali, to Allah ya ba masu ƙirga buhunan gyaɗa a cikin sujada irinsa. Sannan ya sassauta murya ya ce mini, ɗana, da mahaifinka ka tambaya, da kafin kunu ya huce ya ba ka wannan amsar.

Yanzu shekaruna hamsin, kuma na sha tambayar kaina ko tsoron Allah ne ya kore ni daga gaban sahu ko tsoron mutane. Ina zaton na biyun ne, na lulluɓe shi da na farko. Abin da na tabbatar a jikina shi ne mutum ba ya ɓacewa a wannan hali, ba ya maƙalewa a ciki, kuma babu muryar da ke fita daga bakinsa sai tasa. Ba ina kiran kowa ya yi ba ne, kuma ba maganin kowace cuta ba ne. Amma wanda likita ya koya masa, kuma wani abu ya ɗarsu a ransa game da addininsa, ya kai tambayar wurin malami, ya kwatanta abin yadda yake, tun waɗanda yake jin nauyinsu suna raye. Karatun boko bai hana ni ɗaukar wasan talabijin a matsayin ilimi ba, kuma shirun da na yi ya fi i'inar cutar da ni.

Na koma yin dabarar, harshena kuma ya sake. Limamin da aka naɗa mutumin kirki ne, ba wanda zai ce ya sauka. Rawanin Baba yana cikin akwati, ni kuma a sahu na biyu nake salla.