Tambayar Baba Lawali a Hutun Rabin Lokaci

Shekara bakwai ke nan da muka binne Baba Lawali a maƙabartar Al-Oud, nan Riyadh. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Duk sa'ad da na ɗauki biro sai in ga abin da zan faɗa bai wuce zancen ƙwallo ba, sai kunya ta kama ni, a ce bawan Allah ya rasu amma ɗalibin ilimi guda ya rasa abin tunawa da shi sai wasa. Bana kunyar ta sake ni, saboda wani abu da ya same ni ranar Juma'ar da ta gabata, wanda zan zo kansa.

Baba Lawali mutumin Maradi ne, ya haura hamsin a lokacin da na san shi. Ba ɗalibi ba ne, ba kuma ɗan'uwan kowa ba ne a cikinmu. Lodi yake yi a wani sito na kwalaye a Sina'iyya ta Biyu, unguwar masana'antun da ke kudancin birni. Kwana shida yana ɗaga kaya, rana ta bakwai kuma tamu ce. Da an sauko daga masallacin Juma'a zai hau mota zuwa unguwar Batha da ke tsakiyar birni, ya sake hawa wata zuwa gidan kwanan ɗalibai na jami'armu. A bayan gidan akwai fili inda ake buga gasar ɗaliban ƙasashen waje bayan La'asar, mu 'yan Najeriya da 'yan Nijar kuwa ƙungiya guda muka haɗa. Yakan iso da fulas biyu na shayi da kofunan takarda, ya zauna kan wata tsohuwar taya kusa da kusurwar fili. Ya taɓa ce mini duk mako a wurin aiki ba a kiransa sai da "ya Muhammad", sunan da ake jefa wa kowane baƙo. A bakin filin nan ne kaɗai ake ce masa Baba, a kuma yi masa musu da Hausa.

Ƙungiyar tamu kuwa, gaskiya abin tausayi ce. Bayanmu ƙarfe ne, golanmu ba ya wasa, amma 'yan gabanmu ko a mafarki ba sa ganin raga. Mukan tashi wasa babu ci, ko a lallaɓa a zura mana guda mu koma ɗaki. Magoya bayanmu ba su fi goma sha biyu ba, direbobi da leburori da wani mai gadi, amma kowace kaka da zuciya ɗaya suke dawowa suna cewa bana kam za a gani. Idan aka tashi sai a buɗe shari'a a gindin tayar Baba. Wani ya ce takalmanmu ne, wani ya ce shinkafar ɗakin cin abinci ce ta yi mana nauyi, wani ya ce a ƙara addu'a. Baba Lawali yana tsiyaya shayi yana jin su, bai cika tanka musu ba.

Shi ya san inda ciwon yake, mu ma mun sani, faɗa ce ba mai iyawa. Lamba tara tamu Malam Habibu ne, ɗalibin digirin digirgir a fannin fikihu. Shi yake tarbar kowane sabon ɗalibi a filin jirgi, shi yake raka mu neman iƙama, takardar zama, shi yake yi mana bitar nahawu idan jarrabawa ta matso, shi kuma yake jan mu salla. An ce a zamaninsa ya yi tashe a gaba. Amma lokacin da na shiga ƙungiyar ya ba arba'in baya, yana ɗaure tabarau da roba don kada ya faɗi. Ba wanda ya taɓa kafa doka, ba kuma shi ya nema ba. Kawai idan ka kutsa har gaban raga, ka hango Malam a gefe ya ɗaga hannu, sai ƙafarka da kanta ta miƙa masa. Bugawa alhali yana tsaye yana jira, ji muke kamar ka riga shi sa hannu a akushi. Abokan karawarmu sun daɗe da gano mu. Sai su sa mutum biyu su tsare Malam, mu kuwa su bar mu mu yi ta gudunmu.

Ni ne na fi kowa wannan laifi, domin ni na fi kowa gudu a lokacin. Wata rana bayan an tashi, Baba ya miƙo mini kofi ya ƙi sakin sa.

"Nura, kai da raga ba kowa tsakaninku. Mi ya hana ka bugawa?"

Na ce, "Baba, ai Malam yana gefe."

Ya ce, "Na gane shi. Golansu ma ya gane shi." Sannan ya sakar mini kofin.

Ana cikin haka mai kula da wasannin ɗalibai ya sanar cewa ƙungiyoyi sun yi yawa, don haka wadda ta ƙare a ƙarshen tebur ba za ta shiga gasar baɗi ba. Wasa uku suka rage, mu ne a ƙarshe, ko ƙwallo ɗaya ba mu da ita. Mu ɗalibai mun ji ba daɗi, amma muna da laburare da jarrabawa da juna. Baba Lawali kuwa, idan ƙungiyar ta fita, Juma'arsa ce ta fita. Zai koma ɗakin mutum takwas a Sina'iyya ya kwanta yana kallon gadon sama har gari ya waye a koma lodi. Na ga damuwar a fuskarsa, kuma na san ba zai taɓa buɗe baki ya ce Malam ya huta ba. Mutum ne da ba ya gaida Malam Habibu a tsaye, duk da ya girme shi.

Ranar da muka kara da ɗaliban Indonesiya, aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Muna shan ruwa sai ga Baba ya baro tayarsa, ya zo gaban Malam ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, wata matsala ce ta dame ni tun jiya. Na riski liman a raka'a ta ukku, ashe ya yi mantuwa ban sani ba, sai na ga ya yi ƙabli. Ni kuma da na miƙe cikawa sai na yi tawa mantuwar. To yanzu mi ke kaina?"

Duk wanda ya san ɗalibin fikihu ya san ba a yi masa irin wannan tambaya ya amsa a tsaye. Malam ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, ya gyara tabarau, ya fara da abin da mazhabarmu ta ce, ya nufi abin da sauran suka ce. Alƙalin wasa ya busa usur. Malam ya ɗaga mana hannu ba tare da ya katse magana ba, alamar a sa wani kafin ya gama. Aka sa wani ɗan shekarar farko. Minti kaɗan da komawa na sami kaina gaban raga, na waiga gefe kamar kullum, ban ga kowa da zan ji nauyinsa ba, sai na buga. Ta shiga.

Da gudu na nufi kusurwar taya, domin ba wanda nake so ya gani kamar Baba. Tayar ba kowa. Sai na hango shi can inda muka bar shi. Malam ya zauna yana fuskantar fili, don haka mai tambaya dole ya ba fili baya. Ihun mutanenmu ya cika wurin, na ga kafaɗun Baba sun motsa, amma bai waigo ba. Wanda ya kawo tambaya ba ya juya wa malami ƙeya ana tsakiyar amsa. Kaka uku yana hawan mota biyu don ya ga wannan abu, da ya zo kuma bai gani ba.

Da yamma na raka shi bakin titi, ya sa na ba shi labarin ƙwallon har sau uku. Ina tabbatar wa mai karatu cewa kowane zagaye sai da nisan bugun ya ƙaru, shi kuma yana gyaɗa kai kamar bai lura ba. Juma'a biyun da suka biyo baya ma haka aka yi: hutun rabin lokaci, durƙuso, wata sabuwar mantuwa a salla. Muka yi canjaras a ɗaya, muka ci ɗayan, muka tsira daga ƙarshen tebur da ƙyar. Duk ƙwallayen da suka cece mu, ko guda bai gani da idonsa ba. Ya ce ba komai, baɗi zai zauna ya more.

Bai ga baɗin ba. Cikin hutun bazara ciwon ƙirji ya kama shi, kwana biyu a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Iyalinsa a Maradi suka ba da izini ta waya a rufe shi a nan. Muna fitowa daga maƙabarta Malam Habibu ya riƙe hannuna, muka ɗan ja baya daga jama'a.

Ya ce, "Nura, sau uku ya yi mini tambaya guda, raka'ar kawai yake sauyawa. Tun ta farko na gane. Mutumin da yake gyara wa abokan ɗakinsa salla ba zai ruɗe da wannan ba. Na so in ce masa ya juya ya yi kallonsa, sai na ga in na faɗa, na tona abin da ya rufa mini."

A nan ne na yi kukan da ban yi ba a bakin kabari. Malam bai sake sa rigar wasa ba, bayan shekara guda kuma ya kammala ya koma gida koyarwa.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. An shimfiɗa wa filin ciyawar roba, an ɗauke tayar an sa benci. Magoya baya sun ƙaru, har suna da zaure a waya inda ake ta muhawara daga Juma'a zuwa Juma'a. Ina jin benci zai burge shi, zauren waya kuwa zai ce surutu ne babu shayi. Abin da ba zai ba shi mamaki ba shi ne gabanmu ya sake mutuwa. Bana wasa huɗu, ci ɗaya. A zauren wasu na cewa sababbin yaran ba su da zuciya, wasu na cewa a ba su lokaci, akwai gudu a ƙafarsu. Ni ma na sa baki, har na yi dogon rubutu a kan tsoron raga. Ina da hurumin magana, domin yanzu ni ne ɗalibin digirin digirgir, ni nake zuwa filin jirgi tarbar sababbi, ni nake jan salla, kuma tun tafiyar Malam lamba tara tana jikina. Gwiwata ta hagu takan yi ƙara, cikina ya ɗan riga ni gaba, amma a raina ina nan yadda Baba ya bar ni.

Ranar Juma'ar da ta gabata aka tafi hutu ba ci. Ina goge zufa sai ga Garba, wani direba mutumin Damagaram, abokin ɗakin Baba wanda ya gaji fulas ɗin shayin nan biyu. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya zo gabana ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, na riski liman a raka'a ta biyu, ashe ya yi mantuwa..."

Ba zan ɓoye ba, haushi ne ya fara zuwar mini. Sai na dubi yaran, na ga kowa ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Sai na tuna sau nawa a rabin farko aka miƙo mini ƙwallo alhali mai ita shi ya fi ni kusa da raga, ni kuma ina tsammanin ƙwarewata ce ake girmamawa. Kunya ta rufe ni, kewar Baba ta biyo bayanta. Na cire rigar na miƙa wa wani sabon ɗalibi, na ce su shiga.

Abu ɗaya na sauya. Da za mu zauna, na zagaya na ba fili baya, yadda dole Garba ya fuskance shi. Ya so ya yi gardama, na ce rana ce take dukan idona. Na fara jawabi daga mazhabarmu kamar yadda aka koya mini, a hankali, ba na gaggawa. Ban kai ga ra'ayi na biyu ba sai na ga idanunsa sun bar fuskata sun haye kafaɗata, bakinsa ya buɗe, ya miƙe tsaye bai ma nemi izini ba. Ban ga ƙwallon ba, kuma ban waiga ba. A fuskar Garba na gan ta.

Baba Lawali bai bar gida a Riyadh ba, bai bar littafi ba, kabarinsa ma ba suna a kai, kamar sauran kaburburan ƙasar nan. Abin da ya bari fulas biyu ne, da hanyar da za a gaya wa babba gaskiya ba tare da an zubar masa da girma ba. Ashe ya bar ta a hannun mutanensa, suna ajiye da ita shekara bakwai har ranar da ta zo kaina. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya dubi bayansa a Maradi. Juma'a mai zuwa a benci za a same ni, kusa da kusurwa, ina riƙe wa Garba kofuna.