Wuyan Fatsa

A unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira na girma, a hawan ƙarshe na wani bene da rana ba ta leƙa lungunsa sai da azahar. Idan sanyi ya shigo, Iya, mahaifiyar babana, ba ta yarda da hita mai lantarki, wai tana busar mata da hanci. Sai ta sa mu hau da kaskon wuta saman rufi, tsakanin tankunan ruwa da kejin tantabarun maƙwabcinmu Ammu Sabri. Da an idar da magariba za ta hura gawayi, ta binne dankali a toka, ni da ƙanwata Balki mu matso har gwiwoyinmu su ɗauki zafi. Daga ƙasa ana jiyo hon ɗin tuk-tuk, kekunan nan masu ƙafa uku, da mai gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe.

Iya 'yar masunta ce daga Gaya, a bakin kogi aka haife ta. Baba ya kawo ta Alƙahira a yi mata aikin ido, aikin ya yi kyau, zama kuma ya zarce. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai abu ɗaya da take maimaitawa: in lokacinta ya yi, a Gaya take so a kwantar da ita, kusa da mijinta, inda ake jin ƙanshin ruwa.

Baba fatauci yake yi, yana sayen kaya a kasuwar Ataba yana turawa Yamai. Bayan kasuwa, ba abin da yake so irin fatsa. Wasu ranakun hutu shi da Ammu Sabri sukan hau mota zuwa Baltim, su tsaya a bakin teku suna jifa cikin raƙuman ruwa. Sandar tasa ce, injin naɗe zaren nasa ne, amma akwai abin da ba ya yi da kansa: guntun zaren nan da ke tsakanin babban zare da ƙugiya. Iya tana kiransa wuya. Tun yana yaro ta koya masa ƙullinsa, amma ya ce nata ya fi riƙewa.

Zai zube mata abin da ya sayo a kan tabarma: nailan mai kauri, nailan siriri, da waya. Ta ɗauki kowanne ta gwada da haƙori, ta goga a gefen bulo, ta ɗaga shi a hasken wuta.

"Mamman, ina za ku tsaya gobe? Yashi ko duwatsu?"

In ya ce yashi, ta ɗauki mai kauri. In ya ce akwai kifi mai haƙora, ta ɗauki waya. In ya ce duwatsu, sai ta ɗauki siririn. Ban taɓa tambayar dalili ba. Ni dai aikina riƙe mata bakin zare.

"Maigidana, miji marar cefane, riƙe nan da kyau."

"Iya, ni fa na sake ki tun jiya."

"Ka saki wa? Kai da ko wandonka ba ka iya ɗaurewa? Yalla, maza ja."

Tana ƙullin take ba mu tatsuniya. Tana da su da yawa, amma akwai wadda take komawa gare ta duk daren da Baba zai tafi teku. Takan buɗe da cewa, "Ga ta nan, yanzu ta fito daga ruwa, jikinta na ɗiga." Mu kuma mu ce, "Ta matso ta sha wuta, mu ji ta."

Wai wani masunci ne ya gaji da kifin kogi, ya nufi ruwan gishiri don ya kama sarkin kifaye. Da ya isa ya ce, wa zai tsaya mini tsakanin zarena da bakin kifi? Waya ta fito tana ƙyalli, ta ce ni, ba haƙorin da zai yanke ni. Ya jefa ta, kifaye suka hango ƙyallinta daga nesa, suka watse. Auduga ta ce ni, ai ni mai taushi ce, ba wanda zai tsorata. Ya jefa ta, ta sha ruwa ta kumbura, ƙaramin kifi ya tsinka ta da cizo ɗaya. Sai izgar doki, wadda ba ta ce komai ba tun farko. Masunci ya ce, ke fa? Ta ce, zan shiga. Ruwa ba zai nuna ni ba, yashi zai goge ni in jure, haƙori zai taɓa ni in jure. Abu ɗaya nake roƙo: in na maƙale, kada ka bar ni a can.

A nan Iya takan tsaya ta juya dankali, mu kuwa kamar mu yi kuka.

Masunci ya yi alkawari. Sarkin kifaye ya haɗiye ƙugiya, ya ja, ya ja, ya shige ƙarƙashin dutse, izga ta maƙale. Mutanen bakin ruwa suka ce masa, fizge ka tsinka, ka tsira da zarenka. Ya ce a'a, na ba ta baki. Ya tuɓe rigarsa, ya bi zare da hannu, ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙirji, ya rufe kansa, har ya isa dutsen ya kwance ta. Ya fito da ita da kifin gaba ɗaya. Iya ta kammala, "Na naɗe zarena, wanda bai ƙoshi ba ya ci toka."

Baba yana zaune can gefe, ya ba mu baya, yana zuba wa injinsa mai. Kusan kullum sai ya yi dariya ya ce, "Iya, teku fa ba kogin Gaya ba ne. Wanda ya shiga bin ƙugiya ba ya fitowa."

"Ai da yara nake magana," in ji ta.

Wata rana Balki ta ce, "Iya, da bai shiga ba fa?"

"Ci dankalinki, zai huce."

Ina gab da gama sakandare ɓarin jikin Iya na hagu ya shanye. A daidai lokacin Baba ya yanke shawarar komawa Yamai da zama. Likita ya ce a bar ta ta ɗan farfaɗo kafin ta hau jirgi. Baba ya durƙusa a gaban gadonta, ina tsaye ina ji, ya ce, "Iya, bari in je in gyara miki ɗaki. Bayan babbar sallah zan dawo in ɗauke ki da kaina." Ya tafi da Mama da Balki. Aka bar ni da ita, tunda ina karatu.

Sallah ta wuce, wata ta zo ta wuce. Iya ta farfaɗo har tana takawa da sanda, likita ya ce tana iya tafiya. Na gaya wa Baba a waya, ya ce tamam, ya yi kyau, ɗakin ne saura fenti. Daga baya ya ce zafi ya yi yawa a can, a bari damina ta sauka. Balki ce ta yi suɓul da baka wata rana, ta ce ɗakin da ke ƙofar gida, wanda aka ce na Iya ne, ai shago ne, tun ranar da suka tare. Ban gaya wa Iya ba.

Ba ta iya hawa rufi kuma, sai nake kawo mata kaskon bakin taga. Wani yammaci wani ɗan kasuwa da muka sani ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya miƙo ƙunshin busasshen kifi, ya ce saƙo ne daga gida, bai ko zauna ba. Na ajiye mata a cinya. Ledar ta wani shagon Ataba ce, sabuwa fil, ko ƙura ba ta yi ba. Iya ta bi igiyar da aka ɗaure ta da yatsun hannunta mai lafiya, ta tsaya a kan ƙullin. Ni ma na gane shi. Ƙullin wuya ne. Baba yana cikin garin, tafiyar mota ɗaya tsakaninmu.

Ta daɗe tana shafa shi. Sai ta ce, "Bai manta ɗauri ba." Kifin kuwa ta ce in kai wa matar Ammu Sabri.

Ta rasu a sanyin da ya biyo baya. Mun binne ta a wata maƙabarta can bayan gari, cikin yashi, inda ba kogi ba ko itace. Baba ya kira, ya yi kuka, ya ce Allah bai nufa ta kwanta a Gaya ba. Na ce haka ne.

Sandar fatsar Baba tana nan bayan ƙofa. Kwanakin baya Ammu Sabri, da ya ga zaman ɗaki ya yi mini yawa, ya matsa sai na bi shi Baltim. Muka tsaya a wani ƙaramin shagon kayan fatsa don in sayi wuya. Mai shagon ya tambaye ni kaurin babban zarena, ya tambayi inda za mu tsaya. Na ce wajen duwatsu. Ya miƙo mini siriri. Na ce ba mai kauri ya fi ba? Ya ce a'a, a duwatsu ana sa wanda bai kai babban zare ƙarfi ba, in ƙugiya ta maƙale ka fizge, shi ya tsinke, sauran kayanka su dawo. Ya faɗa yana ba wani canji, kamar abin da kowa ya sani.

Kowa kuwa ya sani. Iya ta sani tun kafin a haifi Baba. Da hannunta take zaɓa masa siririn, da hannunta take ƙulla abin da aka yi don a tsinka, sannan ta buɗe baki ta ba da labarin wanda ya shiga ruwa. Na tsaya a shagon nan ina jin haushinta, Allah ya gafarta mini, don na ɗauka mu yara ta rufe wa gaskiya.

Sai a bakin teku na tuna yadda muryarta take ɗagawa idan ta zo wajen alkawarin. Mu muna manne da gwiwarta, ko raɗa ta yi za mu ji. Wanda yake nesa shi ne mai zuba wa inji mai. Da shi take magana duk shekarun nan, shi kuma yana ba ta amsa, muna tsakiya muna cin dankali.

Kafin la'asar ƙugiyata ta maƙale. Na ja a hankali, ta ƙi. Ammu Sabri ya ɗaga murya saboda ƙarar ruwa, "Fizge, ya ibni, ɗana, khalas, shi ke nan! Ma'alish, ba komai, akwai wani wuyan a jaka."

Ruwan yana dukan dutsen da ƙarfi, na san Baba bai yi ƙarya ba game da teku. Amma na kasa fizgewa. Na tsaya riƙe da sanda, zaren a miƙe, har Ammu Sabri ya zo ya karɓa daga hannuna ya tsinka da kansa.