Dokta Mekaci, Bawana

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin ofishin Dokta Shu'aibu, a ƙaramin asibitin nan na bayan Bakori, ya san tambayar farko. Ba zai ce ina ke maka ciwo ba. Zai sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci, ya dube ka sama da ƙasa kamar mai taya akuya, ya ce, "Me ka ci?" Ka zo da ciwon kai, me ka ci. Ka zo da targaɗe, me ka ci. Wani bawan Allah kunama ta harbe shi a gona, aka kawo shi yana ihu, Dokta na haɗa magani yana tambaya, "Me ka ci?" Mutumin ya ce, "Likita, ni aka ci!"

Daga nan sunan ya bi shi, Dokta Mekaci. Akwai yaran da suka girma suna zaton sunan yanka ne. Emeka mai kantin magani a Funtua ma ya daɗe yana cika baki wai ɗan garinsu ne, sai ranar da ya gan shi da hula da carbi.

Ni dai Asabe ban taɓa kiransa Dokta ba. Taubashina ne, ɗan goggona, don haka bawana ne ko da ya karance littattafan duniya. Na taɓa ce masa, "Kai bawana, shekarun da ka kwashe a jami'a, tambaya ɗaya tal aka koya maka?" Ya ce, "Uwar ɗakina, ciwon mutanenmu daga tukunya yake fitowa, wanda ya rage daga rijiya. In ban tambayi tukunya ba, wa zan tambaya?"

Kun tuna Alhaji Mamman mai hatsi na Mahuta? Mutum kamar rumbu, in ya zauna a bayan mashin sai tayar gaba ta ɗaga. Ya zo wurin bawana da jiri da ciwon ƙeya, tun daga ƙofa yana naɗe hannun riga.

"Likita, allura nake so, mai ƙarfi. In da hali a ƙara min ruwa leda guda."

Bawana ya auna shi, ya sake aunawa, ya ce, "Alhaji, jininka ne ya hau. Ga ƙwaya, kullum da safe. Ka rage gishiri da ɗanɗano, kuma ka riƙa zuwa gona da ƙafa."

"Shi ke nan? Ba allura?"

"Ba allura."

"Haba Likita! Tun daga Mahuta na taso don a ce min in rage gishiri? Ai ko uwargidana ta iya wannan likitancin!"

Alhaji ya fita yana ƙunƙuni. To ku ji ƙarfin hali. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga bawana ya yi sallama a ƙofar gidan Alhaji, ba gayyata ba komai, wai hanya ce ta biyo da shi. Wace hanya ce ke biyowa da mutum Mahuta? Aka kawo tuwon masara da miyar kuka. Ya kai loma ɗaya, ya runtse ido, ya nemi ruwa. Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji daga cikin gida.

"Hajiya, sannu da aiki! Wannan miyar in kika jiƙa fatar rago a ciki, ba sai an kai wa majema ba!"

Tabɗi! Hajiya ta yi fushi har ta ce kada a sake buɗe masa zaure. Amma gishirin dai ya ragu. Alhaji Mamman yana nan da ransa, ga shi can ya rage tumbi, har yau kuma yana faɗin cewa an cuce shi allura ɗaya.

Goggo, Allah ya jiƙanta, abu ɗaya ke damunta game da shi. Duk abokan karatunsa sun zama manya. Wannan likitan ido a Kano, wancan likitan ƙashi a ƙasar waje, shi kuwa yana nan likitan komai da komai: zazzaɓi nasa, haihuwa tasa, wanda saniya ta taka nasa, har rigimar miji da mata a gabansa ake kashewa. Wata Sallah babban amininsa Farfesa Bashir, likitan zuciya a Zariya, ya zo gaishe da Goggo. Ina wurin, ni na kawo musu fura. Goggo ta ce, "Bashir, yi wa ɗan'uwanka faɗa, ko kai zai ji naka."

Farfesa ya gyara zama ya ce, "Shu'aibu, kai ne fa ka fi mu ƙwaƙwalwa a aji. Ka dawo ka zaɓi fanni ɗaya ka ƙware. Har yaushe za ka zauna kana duba majinar yara?"

Bawana ya kurɓi fura ya ce, "Ku ai kun mai da mutum watanda. Wannan ya ɗauki ido, wannan ya ɗauki ƙoda, kai ka ɗauki zuciya. In ni ma na zo na ɗauki kashina, wa zai zauna da mai kayan?"

Goggo ta ce, "Oh ni 'yasu! Na haifi likita, ashe mahauci ne."

Muka yi ta dariya. Ban san maganar nan za ta shigo har cikin ɗakina ba. Wata kaka, ana tsakiyar ɓarar masara, maigidana Malam Idi ya fara kukan ƙwarnafi. In ya ɗaga buhu sai ya dafe ƙirji, ya ce a jiƙa masa kanwa. Ni ma na ɗauka ƙwarnafin ne. Da hantsi bawana ya biyo cin ɗumame, don kullum cewa yake nawa ya fi na gidansa. Ya tarar da Malam a gindin darbejiya, gumi na karyo masa alhali yana inuwa. Ya tsaya ya dube shi. Mutumin da ya san Malam tun yana saurayi, ya san yadda yake tafiya, ya san kalar fuskarsa. Ya kama hannunsa, ya yi masa 'yan tambayoyi, sai ya juyo.

"Asabe, ajiye kanwar nan. Ɗauko mayafinki."

Asabe! Ba uwar ɗakina ba. Ya sa wa Malam wata ƙwaya a baki ya ce ya tauna, muka shiga tsohuwar motar nan tasa da sai an tura, ranar kuwa Allah ya taimaka ta tashi da kanta. Bai tsaya ko'ina ba sai Zariya, hannun Farfesa Bashir. Bayan an shawo kan abin, Farfesa ya fito ya ce min da mun ƙara kwana a gida da sai dai wani labarin. Sannan ya juya wurin amininsa yana murmushi.

"To Mekaci, yau watanda ta yi rana ko?"

"Ni ban hana watanda ba. Cewa na yi a bar mutum ɗaya a bakin garke, wanda ya san saniyar tun tana tafiya da ƙafafunta."

Malam Idi daga kan gado, da abin numfashi a hanci, ya ce, "Wai ni ne saniyar?"

Na yi dariya har da hawaye, kuma wallahi ban san wanne ya fi yawa ba.

Sai kuma shekarun nan da aka tashi gyaran ƙananan asibitoci. Bawana ya fi kowa murna, don abin da ya daɗe yana faɗa ke nan: a gyara na kusa da mutane, a sa likita a ciki, ba sai ciwo ya ci ƙarfin mutum a ɗauke shi zuwa birni ba. Aka yi wa asibitinsa fenti, aka kawo firjin rigakafi mai aiki da hasken rana, aka ƙaro ma'aikaciyar jinya. Ruwa ne dai babu. Ya yi magana har ya gaji.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, makaɗa suka zo, babban baƙo ya iso daga birni da babbar riga tana ƙamshi. Ana zaunar da shi sai ga bawana da sabon kwanon sha, ya durƙusa da ladabi.

"Ranka ya daɗe, ruwan maraba."

Baƙo ya buɗe kwano. Ruwa ja kamar kunun kanwa. Ya ce, "Likita, wannan fa?"

"Na rijiyar bayan asibiti ne. Shi muke tacewa mu tafasa mu karɓi haihuwa. Naka ma sai da na tace, saboda girmanka."

Har mai kalangu sai da ya saki igiya. Wani daga cikin 'yan rakiya ya ja bawana gefe yana huci, ya ce, "Ka san za a iya tura ka ƙauye a kan wannan?"

Bawana ya waiga gabas gonar dawa, ya waiga yamma gonar dawa, ya ce, "Wane ƙauyen? Faɗa min in fara ɗaure kaya, wataƙila can da ruwa."

Ba a tura shi ko'ina ba. Baƙon ma, a gaskiya, mutumin kirki ne, dariya ya yi daga baya. Kafin damina ta zagayo aka haƙa rijiyar burtsatse, ga ta nan har yau gari duka na sha.

Da ciwo ya kwantar da bawana, mun ɗauka zai huta. Ina! Masu zuwa dubiya kowa da nasa a aljihu. A gaishe shi, a yi masa sannu, sai ka ji, "Af, Likita, tun da na zo, ɗan duba min wannan ƙurjin." Shi kuwa sai ya nemi tabarau. Matarsa Hajiya Binta ta gaji, ta kafa kujera a bakin ƙofa ta ce gaisuwa kawai, wanda ya kawo ciwo ya koma da abinsa. Kwana biyu gida ya yi shiru, tana ta jin daɗi. Rannan ta shiga kai masa kunu, ta tarar da ƙafar mutum a kan taga, shi kuma yana latsa ta. Baba Nomau ne, tsohon Bamagujen nan na unguwar bayan dutse, ya zagayo ta bayan gida, a bayansa kuma layi har bakin turken awaki.

Ta ce, "Baban Halima! Me nake gani?"

Ya ce, "Ƙofa kika hana, Hajiya. Ba ki ce komai a kan taga ba."

Zuwana na ƙarshe, na same shi ya rame, muryar ta yi ƙasa. Ya buɗe ido ya ce, "Uwar ɗakina, dubiya kika zo ko a duba ki?"

Na ce, "Dubiya."

"To zauna. Yau ke kaɗai ce." Sannan ya ce, "Yi min tsiya mana. Kowa ya shigo sai ya sa min fuskar makoki."

Ni da ban taɓa rasa abin faɗa masa ba tun muna wasan ƙasa, na buɗe baki, babu abin da ya fito. Shi ne ya yi dariyar a madadina, ya ce, "Yau dai bawa ya ci uwar ɗakinsa."

Ka ci, Shu'aibu. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka. Yadda ka zauna da mu ba ka guje mu ba, Allah kada ya bar ka kai kaɗai. Ya ba Hajiya Binta da yara haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.