Sulen da Gwaggo Dije Ba Ta Buga Ba

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Gwaggo Dije, yayar mahaifina, wadda ta koya mini ƙirga kuɗi a garinmu Badafi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Jikata ce ke rubuta wannan magana don a kai jarida, ni ina faɗa mata, kuma na ce in ta gama sai ta karanta mini sau biyu, don ban yarda ba za ta yi mini ƙari ba. Tana ta dariya, wai, "Hajiya, ke dai kowa ɓarawo ne a wurinki." To, ba laifina ba ne. Makarantar da na yi ke nan.

Abin da zan faɗa ya faru ne ana saura 'yan shekaru Turawa su tattara su tafi, zamanin da gyaɗa ce ke kawo kuɗi ƙasarmu. Mijin Gwaggo ya rasu, ba ta haihu ba, ba ta kuma sake aure ba. Man gyaɗa da ƙuliƙuli take yi, da su take riƙe kanta. Matan gari suna cikin kulle, yara ne ke fita musu talla, kuma kullum ana dawowa da ciniki bai cika ba, a yi ta duka. Gwaggo ta ce dukan banza ne, ai ba wanda ya koya wa yaron. Da haka iyaye suka fara turo mata 'ya'yansu da hantsi. Ina cikin na farko, lokacin ko haƙoran gaba ban gama sakewa ba.

Ba ta fara ba mu kuɗi ba. 'Ya'yan tsamiya ta zube mana a tabarma, muka yi ta tarawa goma-goma har hannu ya saba. Sannan ta kwance haɓar zanenta ta fito da na gaske: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule. Anini goma ne kwabo ɗaya, ɗari rabin kwabo ne, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, kwabo goma sha biyu ne sule. Takan sa mu rufe ido ta ɗora mana ɗaya a tafin hannu, mu shafa mu faɗi sunansa. Wanda ya leƙa ta ƙasan ido, ranƙwashi. Da yake kuɗinta ba za su ishe mu wasa ba, sai ta aike mu rafi muka ɗebo yumɓu. Kowa ya mulmula, ya faɗaɗa, ya danna kuɗin gaske a kai har hoton ya fito, mu huda na kwabo da tsinke, mu shanya, ta gasa mana a bakin murhu. Muka zira su a igiyar rama muka rataya a wuya, muna tafe muna taƙama kamar fatake.

Daga nan sai kasuwa. A ƙarƙashin rumfarta za mu baje tallanmu na tsakuwa da ganye, ita kuma ta yafa mayafi ta zama mai saye. Kai, ban taɓa ganin macuciyar mai saye irinta ba! Za ta miƙo taro ta ce, "Yarinya, ba ni canjin sisi, sauri nake." Za ta ja ki da hira tana tambayar lafiyar uwarki, hannunta na janye kwabo ɗaya daga cikin tulin. In kin dawo hayyacinki kin ƙirga kin ga babu, kika fara kuka, sai ta ce, "Gara ki yi shi a nan, da ki yi shi a kasuwar Kwanar Dangora."

Darasi na ƙarshe shi ne na kunne. Akwai wani tsohon dutsen niƙa a gefen ɗakinta. Za ta fito da sule biyu, a ido ba ka raba su, ta saki na farko a kan dutsen, ya yi ƙara siririya mai daɗi. Ta saki na biyu, sai ka ji ɗif, kamar an yar da danƙo. Na dalma ne, jabu. Kullum sai kowane yaro ya juya baya an buga masa, ya faɗi wanne ne. Takan ce, "Kowa ya ba ki sule, buga shi a gaban idonsa, ko da rawani ya zo. Amma ban da na gida. Wanda ya haife ki, ko wanda kuka fito ciki ɗaya, in ya miƙo miki kuɗi ki karɓa da hannu biyu ki ƙulle. In kika buga a gabansa kin zage shi." Na taɓa tambayarta wa ya ba ta wannan na dalmar. Ta harare ni ta ce in je in wanke hannuna.

A kakar gyaɗa ta wata shekara sulallan dalma suka cika kasuwannin yankinmu. Manomi zai kai buhunsa sikeli ya dawo da murna, ya je sayen zane a mayar masa da kuɗinsa. Matan Fulani masu nono suka daina karɓar sule gaba ɗaya, sai kwabbai. Aka ce 'yan doka suna bi gari-gari suna neman inda ake zubawa, kuma aka ce a yumɓu ake danna sulen gaske, a narka dalma a zuba a gurbin. To, ku duba fa: ga gida guda a Badafi da yara ke fitowa da yumɓu mai hoton sule a wuya, suna ba da labari a bakin rijiya cewa Gwaggo tana da sule wanda ba ya kuka. Har yau ban san wanda ya kai maganar gaba ba. Ina da mutum biyu a raina, duka sun mutu, na bar su da Allah.

Dagaci ya aiko a kira ta, aka ce mu ma yaran mu zo da kuɗin wasanmu. Zauren ya cika da dattawa, Baba yana cikinsu, a jikin bango. Aka zazzage kwandon a gaban dagaci. Ya ɗauki ɗaya ya murƙushe da yatsa, har ya yi murmushi, don kowa ya ga aikin yara ne, wani ma da shatin haƙori a jiki. Da abin ya tsaya nan da an tashi lafiya. Amma sai ya ce a kawo sulen. Gwaggo ta kwance ta miƙa. Aka sake shi a kan dutse, ya yi ɗif. Dagaci ya juya ga Gwaggo.

"Dije, wa ya ba ki wannan?"

"Ranka ya daɗe, ban kashe shi ba. Da ina son kashewa, da ban bar yara suna buga shi kullum ba."

"Na ji. Amma wa ya ba ki? In kin faɗa, shi za a bi, ke kin fita. In kin ƙi, maganar na iya wuce hannuna, a kai ki birni."

"Na san wanda ya ba ni," in ji ta. "Ba zan faɗa ba."

Aka yi juyin duniya, aka lallashe ta, aka tsorata ta, ta kafe. Ni dai ina kallon Baba, ina jira ya tashi ya ce wani abu a kan yayarsa. Carbinsa kawai yake ja, idonsa a ƙasa. Daga ƙarshe dagaci ya ce ba zai miƙa mace mai shekarunta ga 'yan doka a kan sule ɗaya ba. Ya sa aka sare sulen gida biyu, aka tattake kuɗin yumɓunmu a ƙofar zaure, ya kuma ce daga ranar kada yaro ya sake taruwa a gidanta. Da muka koma gida, Baba ne ya fara ce mini kada ya sake ganin ƙafata a can sai da aike.

Ba a kai ta birni ba, amma wallahi abin da ya same ta bai fi sauƙi ba. Aka laƙaba mata Dije mai dalma. Matan da ta koya wa 'ya'yansu lissafi suka koma sayen mai a wani gida. Wanda ya daure ya zo, in ta ba shi canji sai ya buga a gabanta, har kwabo, abin da ba wanda ke bugawa. Yaran da ta koya wa bugun su ne ke yi mata, a kan dutsenta. Ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, amma rumfar nan ta faɗi ba ta sake kafa ta ba.

Sai da na yi aure a garin Ƙofa, na fara sana'ar kaina, sannan na zauna na yi wa abin lissafi irin nata. Matar da ba ta taɓa barin sule ya shiga haɓar zanenta ba ta buga ba, ta yaya na dalma ya wuce ta? Sai dai in daga hannun da ba ta iya bugawa ya fito. Iyayensu sun daɗe da rasuwa. Ɗan'uwa ɗaya gare ta a duniya, kuma shi ne duk kaka yake kai gyaɗar gonarta sikeli ya kawo mata kuɗin. Ranar da wannan ya faɗo mini, tuwo ma kasa ci na yi.

Ba na cewa Baba ya san jabu ne lokacin da ya ba ta. Mai yiwuwa shi ma a sikeli aka cusa masa, ya kawo da zuciya ɗaya. Mai yiwuwa kuma ya gane, ya duba duk Badafi ya ga mutum ɗaya ce ba za ta buga a gabansa ba. Na juya wannan magana shekaru, ban samu matsaya ba, kuma ina jin nauyin faɗarta a jarida. Amma ko bai sani da farko ba, ranar zauren dagaci ai ya sani. Wannan kam ba na shakka. Ubana ne, ina ƙaunarsa, ina yi masa addu'a kullum, kuma ya yi shiru.

A ciwonsa na ajali na zo jinya, Gwaggo ta zo dubiya tana dogara sanda. Da za ta tafi, ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro sule, irin sabon nan na bayan tafiyar Turawa. Ya ce, "Yaya, ga na goro." Ta sa hannu biyu ta karɓa. Sai ya ce, "Buga shi, Yaya." Ta dube shi. Ta ce, "Habu, ban taɓa buga naka a gabanka ba, ba kuma yau zan fara ba." Ta ƙulle a zane. Na raka ta. Da muka fita ƙofar gida, inda ba zai ji ba, ta tsaya a wurin wani dutse, ta kwance, ta sake shi. Ya yi ƙara. Ta ce, "Mai kyau ne," sai hawaye. Muka ci gaba da tafiya.

Yanzu nakan ce, da Gwaggo za ta leƙo ta ga zamanin nan, me za ta ce? Yara sun girma ba su taɓa riƙe kwabo ba. Ka sayar da abu, a danna waya, a ce maka an tura. Maƙwabciyata mai sayar da atamfa wani ya nuna mata saƙo a waya ya kwashi turmi uku, har yau kuɗin suna hanya. Na san abin da za ta fara tambaya: "To, a ina zan buga shi?" Kuma na san ba za ta zauna ba, sai ta nemo yadda za ta zama macuciyar mai saye da waya a hannu, ta sa yara kuka a tsakar gida kafin a sa su a kasuwa. Ni iyakar abin da na iya shi nake yi. Ina tara murafan kwalba, ina baje wa 'ya'yan jikokina kasuwa a tabarma, ina cutarsu son raina. Iyayensu na kallona a kaikaice, wai ina koya wa yara zargi. Eh, shi nake koya musu.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba, dutsen ma ban san inda ya shiga ba. Waɗanda suka san sunan da aka laƙaba mata sun kusa ƙarewa, shi ya sa na ce a rubuta, don a san ba ta zuba dalma ba, ƙaninta ta rufa wa asiri. Abu biyu ta bar mini, kuma ba sa jituwa: kada in yarda da kowa, kada kuma in kunyata nawa. Shekaranjiya babban ɗana ya zo gaishe ni, ya daddanna wayarsa ya ce, "Hajiya, na tura miki na cefane, duba ki gani." Na kife wayar a kan tabarma na ce Allah ya yi masa albarka. Muka yi hira, ya yi sallama. Sai da na ji motarsa ta bar layin, sannan na kira jikata na ce, "Zo ki duba mini."