Takardar da Na Yaga a Gabanka, Baba Abdulmutallib

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Talata, 14 ga Rajab, daidai da 14 ga Janairu 2025, bayan la'asar, ina ɗaure kaya a kan moto a bakin kasuwa, Inna ta kira ni ta ce ka rasu a gidanka na Tsibiri. Ni Nasser na kashe wayar, na zauna a kan kayan.

Wanda bai san shi ba, Baba Abdulmutallib shi ne dattijon nan mai tebur da kujeru biyu a gindin dogon yaro, kusa da ma'aikatar magajin garin Maraɗi. Shekara talatin yana zuwa daga Tsibiri a kan keke, yana rubuta wa waɗanda ba su yi lakwal, makarantar boko, ba takardunsu.

Baba, ba ka taɓa barin mutum ya dangwala yatsa a kan abin da bai ji ba. Sai ka karanta mishi da Hausa sau biyu, ko da layi ya yi tsawo ana gunaguni. Matar da mijinta ya mutu ba ka karɓar kuɗinta. In ta matsa, ka ce ta kawo albasa ran da ta samu.

Mu ma haka muka zo maka. Mahaifina ya rasu, ya bar mu a rukunin gidajen masu ƙaramin ƙarfi da ke bayan unguwar Zariya, hayar wata uku a kanmu, ga takardar tashi ta iso. Kai ka gaya wa Inna akwai wata ƙungiya da ke biya wa irinmu rabin haya, in an kai dosiye, wato takardun nema, da takardar shaidar rashin hali. Sati biyu kana bin shaidu, kana bin mai unguwa, har takardar ta fito.

Sai ni na ɗauka na karanta. A aji huɗu na bar lakwal, sauran karatuna a tsofaffin littattafan bakin titi na tsince shi, kuma ina ji da shi fiye da kima. Lokacin ina karanta wani yagaggen littafi a kan aikin dole na zamanin nasara, Turawan mulkin mallaka. Kowane shafi da kalmar indigène, sunan da suke kiran kakanninmu da shi in za su sa su ɗaukar duwatsu ba lada. A takardar Inna na ga indigent. Ban tsaya na dubi ƙarshenta ba.

Na same ka cikin mutane. Na ce, "Shekara sittin da tafiyar nasara, kai har yanzu kana laƙaba wa gidanmu sunan bayinsu? Yaron nasara kawai." Na yaga ta gida huɗu, na watsa maka a tebur.

Ka tattara guntayen, ka dube ni, ka ce, "Ɗana, karatunka ya yi kyau. Saura harafin ƙarshe." Na ɗauka ba'a kake mini.

Kwana tara suka rage a rufe karɓar dosiye. Ka sake komi daga farko. Ɗaya daga cikin shaidun ya koma Jiratawa aikin lambu, ka bi shi can a kan keke, da shekara saba'in a kanka. Tambur ɗin da ake liƙa wa takardar ma kai ka saya. Ɗakin da nake zaune ina wannan rubutu, wannan tafiyar ce ta bar mana shi.

Bayan wata guda na buɗe ƙamus na Faransanci. Ga su a shafi ɗaya, wannan ƙarƙashin wannan. Indigent: wanda ba shi da hali. Mu ke nan, ba ƙari ba ragi. Ba ka zage mu ba, ni ne ban so in ga gaskiyarmu a rubuce ba.

Shekara uku na sani, Baba. Shekara uku ina kauce wa titinka, ina zagayawa ta bayan asibiti. Kana aiko Inna da gaisuwa, kana cewa ina ɗalibinka mai zafi. Kullum in ce gobe. Bakin da ya iya zagi a gaban mutum ashirin ya kasa kalma biyu a gaban mutum ɗaya. Yau haushin kowa ba na ji sai nawa.

Jiya na bi ta titin. Teburinka na nan. Wata tsohuwa na zaune a kujerar baƙi da ambulan a hannu, ba ta ji labari ba. Na gaya mata, ta yi salati, ta ce to wa zai duba mata? Na tsuguna a ƙasa, don ban isa in hau kujerarka ba. Na karanta mata da Hausa sau biyu, kowace kalma har ƙarshenta.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka. Yadda ka hana a fitar da mu daga ɗaki biyu, Allah ya ba ka gidan da ba a tashin kowa. Iyalan Baba, Inna Tsahara, Muhammad Auwal da Rahma, da dukan mutanen Tsibiri, Allah ya ba ku haƙuri. Shi ban nemi gafararsa ba yana da rai. Ku nake roƙo, ku yafe mini.