Pak Bacik da Jirgin Gawayin Bengkalis

Duk wanda ya saba wucewa ta dandalin Jan Fili a birnin Melaka ya san Pak Bacik, wato Baba Bacik, ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan siriri mai keken ɗaukar baƙi wanda ba kiɗa a jikin kekensa. Sauran masu keke sun lulluɓe nasu da furannin roba da 'yan tsana da fitilu, suna sakin waƙa har ƙirjin mutum na girgiza. Shi kuwa daga laima sai ƙararrawa, sai ɗan tawul a wuya. Yakan ɗauki baƙi daga gindin hasumiyar agogo, ya bi da su ta gaban jar coci, ya zaga tudu zuwa tsohuwar ƙofar ganuwa, ya jira su hau su ga wata coci marar rufi su sauko suna haki, sannan ya kai su jirgin katako na gidan tarihi. Bayani duk ya haddace, da na mulkin Fotugis da na 'yan Holan da na 'yan Ingila. Amma da an iso bakin kogi sai ƙafarsa ta yi sanyi a kan feda, bakinsa ma ya mutu.

Ba da keke ya fara ba. Tun yana saurayi ɗan dako ne a wannan bakin kogi, zamanin da jiragen katako ke tsallako teku daga tsibirin Sumatra maƙare da gawayi, su koma da sukari da fulawa da kwanuka da tsofaffin kekuna. Ruwan kogin baƙi ƙirin ne a lokacin, ga wari, ga hayaniya tun asuba. Wata rana yana saukowa daga wani jirgin Bengkalis, wani tsibiri a gefen Sumatra, da buhu a kafaɗa, katakon da aka gitta ya goce, ya faɗa ruwa shi da buhun. Ɗan mai jirgin, wani baƙin saurayi mai faɗin ƙirji da ake kira Atan, shi ya daka tsalle ya cafko shi ta wuyan riga. Da aka fito da shi yana amayar da ruwa, Atan ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu ya ce, "Ku mutanen Melaka, tun kaka da kakanni kuna zaune bakin ruwa, iyo ma ya gagare ku?"

Bacik ya ce, "Mu ba kifaye ba ne kamar ku."

Daga nan abota ta ƙullu. In jirgin ya shigo, Atan ba ya kwana a cikinsa, gidan su Bacik yake tafiya, ya miƙe a tabarma kamar gidan ubansa. Ya zo da busasshen kifi da alewar 'ya'yan itacen duriyan a ƙunshin ganye, ya koma da cefanen da uwar Bacik ta haɗa wa tasa uwar, matan da ba su taɓa ganin juna ba. Da Bacik ya auri Embun, Atan ne ya riƙe masa laima ranar ɗaurin aure. Da uban Atan ya rasu jirgi ya zama nasa, Bacik ne ya fara kiran sa Nakoda, wato shugaban jirgi, da farko don tsokana, daga baya sunan ya zauna. Embun kuwa da ta ji an ce jirgin Bengkalis ya shigo sai ta ɗora tukunyar miyar kifi mai tsamiya da yaji, don ta san akwai mai zuwa ya cinye ya ce gishiri bai ji ba.

Da rabuwa ta zo, ba su yi sallama ba. Abin da ya fi tsaya wa Pak Bacik a rai ke nan. An daɗe ana cewa za a tashi jiragen kaya daga tsakiyar gari a gyara kogi, har mutane suka daina ɗaukar zancen da gaske. Ranar ƙarshe Atan na sauri kada ruwa ya janye ya bar shi a laka, yana kwance igiya yana faɗa da yaran jirginsa, ya ɗaga hannu kawai ba tare da ya waiwayo ba. Kafin lokacin dawowarsa ya yi, an mayar da tasha can nesa da gari. Bacik ya shiga bas ya je ya tambaya, ba sau ɗaya ba. Wani ya ce Atan ya sayar da jirgi. Wani ya ce ya bi ɗansa zuwa tsibirin Batam. Wani tsohon matuƙi ya dube shi ya ce, "Wane Atan? Ai rabin Bengkalis sunansu Atan." A lokacin ba kowa ke da waya ba, shi kuma bai taɓa tunanin neman adireshin mutumin da yake gani duk bayan mako biyu ba.

Kogi dai ya gyaru, ba mai musun haka. Aka gina masa gefe, aka dasa furanni, aka zane bangon gidaje, ƙananan jiragen yawon buɗe ido suka fara kai da kawo. Dako ya ƙare, Bacik ya kama keke. Shekaru suka tura, 'ya'yansa suka girma suka watse, ɗaya jihar Johor ɗaya babban birni, gemunsa ya yi fari. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a: duk ranar da jirgin fasinja na Bengkalis zai iso, yakan bar Jan Fili da baƙinsa ya tafi tasha ya tsaya. Abokan aikinsa suka sa shi gaba. Selbam, wanda kekensa ya fi na kowa ƙara, yakan ce, "Pak Bacik, budurwar taka ba ta iso ba har yanzu? Ka faɗa mana mu je mu gaya wa uwargida Mak Embun."

Ita Embun ta sha ce masa, "Ka yi fasfo ka tsallaka mana. Ga shi nan ƙetare, ba Makka ba ce." Sai ya ce ciwon gwiwa, ko ya ce damina. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji ya je a nuna masa kabari.

Wata ranar ruwa, da hantsi, yana fake a tashar yana matse tawul, fasinjoji suka fara fitowa. Yawancinsu masu zuwa asibiti ne, kamar kullum. Can sai ga wata mace mai lulluɓi tana jan hannun wani tsoho rankwafaffe, idanunsa sun yi fari fat da yana. Tsohon ya tsaya cak, ya ɗaga hanci sama ya shaƙa, ya ce, "Yusnidar, an cuce mu. Nan ba Melaka ba ce. Ina warin kogin?"

Ba fuskar Pak Bacik ya gane ba, don fuskar ta tafi. Muryar ce. Ya sauko daga keke, ya matso, ya ce, "Nakoda, ashe bakin nan bai mutu ba."

Tsohon ya juyo wajen muryar. Ya saki hannun 'yarsa, ya miƙa nasa yana lalube har ya taɓa kafaɗar Bacik, ya bi ta zuwa wuya, zuwa gemu. Ya ce, "Wanda bai iya iyo ba?"

"Shi ne."

"Ka koya?"

"Ban koya ba."

Atan ya ce, "Na sani." Sai ya kifa kansa a kafaɗar Bacik, suka tsaya a haka mutane na kewaye su da akwatuna.

Ashe jirginsa ne ya tsage a wata iska ba da daɗewa da rabuwarsu ba. Ya tsira da ransa, amma bai sake samun wani ba. Ya koma aikin gonar roba ta surukinsa, kunya ta hana shi aiko da labari, daga baya ido ya fara rufewa. Yusnidar, autarsa, malamar makaranta, ita ta kawo shi a cire masa yanar. Sun kama ɗaki kusa da asibiti, amma Embun ta ce ba a yi wannan ba tana raye. Ta shimfiɗa masa tabarma inda ya saba. Ya ci miya ya suɗe yatsa, ya ce, "Yaya Embun, hannunki ya tsufa, gishiri bai ji ba." Ta ce, "Ci ka tashi, makaho mai tsegumi," tana share ido da bakin mayafi.

Kafin ranar aiki Atan ya matsa sai an zaga da shi gari. Bacik ya ɗora shi a keke, suka gangara bakin kogi. Atan na tambaya shi yana amsawa. Shagon shan kofi na Ah Huat? Ya rasu, yanzu riguna masu sunan gari ake sayarwa a wurin. Maƙerin da ke yi musu ƙusa? Masaukin baƙi. Rumfar da 'yan dako ke barcin rana? Nan ake sayen tikitin yawo a ruwa. Bacik bai ɓoye masa komai ba, duk da ya so ya ɓoye. Da suka iso daidai tsohon wurin saukar gawayi ya tsayar da keke, ya kamo hannun Atan ya ɗora a kan wani guntun turken ƙarfe da masu gyara suka bari a gefen hanya, an shafe shi da fenti. Atan ya durƙusa ya shafa shi da tafin hannu biyu, ya daɗe. Ya ce, "Nan ne. Ga inda igiya ta ci."

Aikin ido ya yi kyau. Ranar da aka cire masa bandeji, abin da ya fara yi shi ne ƙare wa Bacik kallo. Ya ce, "Innalillahi. Haka ka zama? Likita, mayar mini da yanata." Har ma'aikaciyar jinya sai da ta yi dariya.

Amma da suka sake zagawa, yana sanye da baƙin tabarau, dariyar ta ragu. Ya ga jar coci ya gyaɗa kai, wannan ya san ta. Ya ga tsohuwar ƙofa, ita ma tana nan, sai dai da can teku na kusa da ita, yanzu manyan kantuna sun tare. Bacik ya kai shi jirgin gidan tarihi, suka hau a hankali. Atan ya ƙwanƙwasa katakon, ya leƙa ƙasa ya ga siminti, ya ce, "Ka ga jirgi kamar jirgi, amma bai taɓa shan ruwa ba, Allah sarki." Suka shiga tsohon sito na kwastan da shi ma ya zama gidan tarihi, ya tarar da irin sikelin da ake auna musu kaya an kewaye shi da igiya, an rubuta kada a taɓa. Ya sa hannunsa a baya kamar yaron makaranta. Da suka fito suka zauna kan benci a bakin ruwa, wani jirgin baƙi ya wuce, mutanen ciki na ɗaga musu hannu suna ɗaukar su hoto. Atan ya ɗaga musu shi ma.

Ya ce, "Bacik, duk shekarun nan in na kwanta nan nake zuwa. Ina jin ƙarar sarƙa, ina ganin ka baƙi ƙirin da gawayi. Na ɗauka in an buɗe mini ido zan same shi."

Bacik ya ce, "Ni da nake nan kullum ma ban same shi ba."

"To ina ya tafi?"

Bacik ya tashi. Ya je ya sayo musu ƙanƙara da madarar kwakwa, suka sha, Atan ya ce sukari ya yi yawa.

Wannan karon sun yi sallama yadda ya kamata. A tasha suka yafi juna, Yusnidar ta sumbaci hannun Bacik ta ce, "Kawu, na sa maka lambata a wayarka, danna nan kawai za ka yi." Ta riƙa haɗa su da kiran bidiyo duk Juma'a. Wayar ba ta karɓe su ba. Atan yakan kara fuskarsa da wayar har sai hanci kaɗai ake gani, su tambayi lafiya, su tambayi ruwan sama, sai shiru, kowa na kallon ɗan'uwansa har Yusnidar ta ce, "Baba, ku yi magana mana." Duk da haka ba Juma'ar da Pak Bacik bai yi wanka ya sa hula ya zauna jiran kiran ba.

Cikin azumin da ya biyo baya wayar ta yi ƙara ranar da ba Juma'a ba. Ya ji muryar Yusnidar, ya gane tun kafin ta ƙarasa. Bayan la'asar ya je tsohon masallacin unguwarsu ya roƙi liman a yi wa wani ɗan'uwansa sallar gawa daga nesa. Liman ya ce, "Ɗan'uwanka na ina, Pak?" Ya ce, "Na ƙetare." Mutanen da ke nan suka yi sahu, ba wanda ya san mamacin sai shi.

Da aka sha ruwa bai ci wani abin kirki ba. Suna zaune a baranda shi da Embun, sai ya ce, "Wai jirgin nan nasa, wane launi ne bakinsa?"

Ta ce, "Kore."

"Shuɗi dai."

"Kore ne, da farin layi. Ni da nake kai muku abinci."

"Ni da na yi rabin rayuwata ina hawa ina sauka? Shuɗi ne."

Ta buɗe baki za ta ce a kira Atan a tambaye shi, sai ta fasa. Da aka kira isha'i, ya laluba takalmansa ya tafi.